Zaman Gyara Tsakanin Marubuci da Mai Duba Aikinsa Kafin Ɗab'i

Tsakanin ranar da marubuci ya ajiye alƙalami da ranar da littafinsa ya fito daga maɗaba'a akwai wani mataki wanda manazarta adabin Hausa ba su cika tsayawa a kansa ba. Watau zaman da marubucin kan yi da wani masani guda, su biyu kaɗai, su bi aikin daki-daki, ana tambaya ana ba da amsa, ana sokewa ana mayarwa. Dalilin da ya sa ba a cika maganarsa ba kuwa a fili yake: idan zaman ya yi kyau ba ya barin sawu. Mai karatu yana ganin waƙa ta miƙe sumul, ba ya ganin ɗangon da aka yi rabin yini ana ja-in-ja a kansa. Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a fagen rubutacciyar waƙar Hausa musamman, yanayin harshen da yanayin rubutun boko su ne suka wajabta wannan zama, har ya zamana wasiƙa ko jan biro a gefen takarda ba su isa su tsaya a madadinsa ba. Daga baya kuma za a waiwayi zube, inda tarihi ya adana wani misali sananne.

Al'amarin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Karatun ilmi na zaure tun asali karatun ɗaiɗaiku ne. Kowane almajiri yakan zo da littafinsa, wani Ahalari, wani Iziyya, wani Risala, idan layi ya zo kansa ya matso gaban malam ya ja baƙi, malam ya fassara, ya tsayar da shi inda ya yi tuntuɓe. Almajirin da Allah ya hore wa baiwar waƙa, in ya tsara wata, ta wannan ƙofa yakan bi da ita. Ba miƙa wa malam takarda yake yi ya tafi ba, rerawa yake yi, malam yana saurare. Saboda haka ne ma ya zama al'ada a ƙarshen waƙoƙin malamai da yawa a tarar da baitin da mawallafi yake roƙon masana su gyara masa inda ya kuskure. Akwai tawali'u a cikin wannan roƙo, amma akwai kuma bayanin yadda ake aikin. A zamanin masu jihadi waƙa guda takan ratsa hannuwa da dama: "Tabbat Haƙiƙa" Shehu Usmanu ne ya yi ta da Fillanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Mutanen da suka saba da irin wannan ba za su ɗauki sa hannun wani masani a cikin waƙarsu a matsayin ƙasƙanci ba.

Abin da ido ba ya gani

Karin rubutacciyar waƙar Hausa, kamar yadda Greenberg ya nuna a 1949, M. K. M. Galadanci kuma ya faɗaɗa a 1975, ya ginu ne a kan nauyin gaɓa, irin na arulin Larabci da Halilu ɗan Ahmadu ya tsara. Gaɓa iri biyu ce: marar nauyi, watau baƙi da gajeren wasali (v), da mai nauyi, watau baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, ko kuwa baƙi da wasali da wani baƙin (–). Jeruwar waɗannan bisa wani tsari mai maimaituwa ita ce ke haifar da Mutaƙarab ko Kamil ko Ramal da sauransu.

To, a nan ne matsalar take. Ajami yana nuna tsawon wasali, da alif da wawu da ya. Boko kuwa, tun daga ƙa'idojin da Hanns Vischer ya fitar a 1912, bai nuna shi ba, bai kuma nuna karin sauti ba. Taron Bamako na 1966 ya ba da shawarar a riƙa ninka dogon wasali, an kuwa yi aiki da haka a Jamhuriyar Nijar na wani lokaci, amma bayan taron daidaitawa na Yamai a 1980 aka tsaya a kan barinsa. Ga zube wannan bai cika yin illa ba, domin jimla takan fayyace wa Bahaushe abin da ake nufi. Ga waƙa kuwa, ma'anarsa ita ce ainihin abin da aka gina kari da shi ba ya kan takardar. "Gari" na mutane (v –) da "gari" na tuwo (– –) rubutunsu ɗaya. Haka "suna" ta aikatawa (v –) da "suna" na yanka (– –), haka "duka" ta jimla (v v) da "duka" na sanda (– –). Mafi wuya ma shi ne "ya zo", wanda zai iya zama labarin abin da ya riga ya faru, da dogon wasali, ko umurni da fata, da gajere. A waƙa, inda ake gutsure jimla a kuma juya tsarinta, sau da yawa babu mai raba gardama sai bakin mai ita.

Ga ɗango guda da aka ƙirƙira don misali kawai:

Karatu, rubutu, tunani, basira
v – – / v – – / v – – / v – –

Wannan Mutaƙarab ne cikakke, ƙafa huɗu, kowace fa'uulun. A ce marubuci ya ga "basira" ba ta yi masa ba, ya musanya ta da "hikima". A ido babu abin da ya sauya: gaɓa uku ta tafi, gaɓa uku ta dawo, harafin ƙarshe ma bai canza ba. A kunne kuwa ɗangon ya karye, domin "hikima" v v – ce. "Hankali" ma ba ta shiga, don – v – ce. "Fasaha" ta shiga daidai. Abin mamaki ga mai ƙidayar gaɓoɓi da yatsa shi ne "sani", mai gaɓa biyu tak (v –), ita ma ta zauna, domin aruli ya yarda a yanke gaɓar ƙarshe ta ƙafar ƙarshe, muddin dai an bi wannan yankan a sauran wuraren da suka yi daidai da shi a cikin waƙar. Editan da ke zaune a ofis da tarin takardu yana iya gano irin wannan in ya san aruli kuma ya yi haƙurin furta kowace kalma. Amma abin da ba zai iya ganowa shi kaɗai ba shi ne yadda mawallafin yake furta ta.

Dalili kuwa shi ne mawaƙa suna da 'yancin da ake kira lalurar waƙa. Sukan ce "dunya" maimakon "duniya", "ilmi" ko "ilimi" gwargwadon bukata, sukan ja wasalin ƙarshen ɗango ko da gajere ne a magana. Sa'an nan ba kowace waƙa ce aka ɗora a kan bahari na Larabci ba. Marubuta da dama na ƙarni na ashirin sun ɗauki amon waƙoƙin makaɗa ko na 'yan mata a dandali suka zuba kalmominsu a kai. Wanda ya auna irin wannan da ma'aunin Halilu zai yanke mata hukuncin karaya alhali lafiyarta lau, da wani ma'auni dabam aka yi ta. Tambayar farko a zaman gyara ke nan: a wace murya aka yi wannan waƙa? Amsar kuwa ba a faɗinta, sai dai a rera.

Karin harshe da ramzi

Wuri na biyu da gyaran nesa yakan yi ɓarna shi ne karin harshe. Daidaitacciyar Hausa ta fi jingina da Kananci, rubutacciyar waƙa kuwa ta yi ƙuruciyarta a Sakkwato da Gwandu, har ya zama mawaƙan Kano da Zariya ma suna aron siffofin yamma idan kari ya bukata. "Sunka" da "munka" gaɓarsu ta farko mai nauyi ce, "suka" da "muka" marar nauyi. "Yat tafi" ba daidai take da "ya tafi" a ma'auni ba. Mai gyaran da ya ɗauki jan biro da niyyar daidaita rubutu, ya bi waƙa yana mayar da kowace "sunka" zuwa "suka", ya cika ƙa'idar rubutu, ya kuma rushe waƙar baiti bayan baiti. Garin neman gira ke nan an rasa ido. A ɗaya ɓangaren kuma, ba kowace baƙuwar siffa ce karin harshe ba. Wani lokaci marubuci matashi yakan tsinci "sunka" a waƙoƙin magabata ya riƙa watsa ta ko'ina don ta yi masa kama da harshen malamai, har a inda nahawun Sakkwatanci kansa bai yarda da ita ba, domin tana da muhallinta, ba a kowace jimla take maye gurbin "sun" ba. Bambance wanda ya yi da sani da wanda ya yi da kwaikwayo ba ya yiwuwa sai an tambaye shi dalili, an ji abin da zai ce.

Ramzi ma haka. Malamai sukan ɓoye shekarar da suka yi waƙa a cikin wata kalma a baitocin ƙarshe, kowane harafi da adadinsa. Lissafin da aka bi a wannan yanki na Magariba ne, inda shinun take 1000, ra take 200, sinun take 300, saɓanin lissafin Gabas inda shinun take 300. Kalmar ramzi galibi ba ta da wata ma'ana a Hausa. Mai buga tafireta ko mai duba rubutu da bai san da zamanta ba yana iya ɗaukarta kuskure ya "gyara" ta zuwa wata kalma mai ma'ana, shi ke nan tarihin waƙar ya tafi.

Duk wannan bayani ne na kare waƙa daga mai gyara. Amma mafi yawan lokacin zaman a kan kare ta daga mai ita yake tafiya. Babbar cutar sabon marubuci ita ce bautar amsa-amo. Ya ɗauki "-ra" ko "-ya" a matsayin babban amsa-amo, kalmominsa na gaske suka ƙare a baiti na goma sha biyu, ya ci gaba har baiti na arba'in da duk abin da ya faɗo masa mai wannan ƙarshe. A nan masani yakan yi wata dabara mai sauƙi: ya rufe takardar, ya ce wa marubucin ya faɗa masa da maganar yau da kullum abin da baitin yake cewa. In ya faɗa a jimla guda, baitin yana da rai. In ya tsaya kame-kame, ko ya ce ai don a cika ne, to shi da kansa ya yanke hukunci, ba sai an yanke masa ba. Haka kuma za a bi jigo: ina aka faɗe shi, ina aka warware shi, ina aka bar shi aka shiga wani daji. Waƙar da ta fara da gargaɗi a kan caca ta ƙare da yabon wani attajiri tana bukatar a tambayi mai ita ko waƙa biyu ce ya ɗinke. Akwai kuma abin da kunnen ƙwararre kaɗai ke kamawa, irin amsa-amon karin sauti da Ɗalhatu Muhammad ya jawo hankali a kansa a 1980, watau yadda wasu mawaƙa kan daidaita hawa da saukar murya a ƙarshen ɗango ban da daidaita harafi. Wannan ba sharaɗi ba ne, amma marubucin da aka nuna masa shi sau ɗaya yakan fara jin dalilin da ya sa wani ɗangon nasa yake zama daram, wani kuma yake tangaɗi alhali duka biyun sun cika ma'auni.

Mai tambaya zai iya cewa, me zai hana a yi duk wannan a taro? Ƙungiyoyin mawaƙa sun yi aiki babba. Ƙungiyar Hikima ta Kano, ƙarƙashin Mudi Sipikin, wadda Graham Furniss ya yi nazarinta a shekarun 1970, ta haɗa mawaƙa masu sana'o'i iri-iri suna karanta wa juna waƙoƙi, ana kuma jin su a rediyo. Taro yana ba marubuci abin da mutum guda ba zai ba shi ba, watau ya ga inda jama'a suka yi shiru da inda suka motsa. Sai dai taron Hausawa yana da dokokinsa. Yaro ba ya cewa dattijo ɗangonsa ya karye a gaban mutane, dattijo mai kunya kuma ba ya son ya tsinka yaro a bainar jama'a. Sai a yi ta "madalla" da "Allah ya ƙara basira", kowa ya tashi da kuskurensa a aljihu. Maganar nan ta gyara kayanka ba ta zama sauke mu raba gaskiya ce, amma an fi jin gaskiyarta idan babu ɗan kallo.

East da Imam

A fagen zube, misalin da ya fi kowane shahara shi ne na Rupert East da Abubakar Imam. A 1933 East, wanda ke shugabancin Hukumar Talifi a Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai don gasa. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Jiki Magayi. Imam a lokacin malamin makarantar Midil ne a Katsina, yana da shekara 22. A 1936 aka ɗauko shi aro zuwa Zariya na wata shida, ya zauna kusa da East, aka tara masa littattafan tatsuniyoyi da hikayoyi na Larabawa da Indiyawa da Turawa, yana rubutawa suna bi tare. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku. Imam da kansa ya riƙa ambaton East a matsayin wanda ya koya masa dabarun rubutu, kuma da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 shi aka ba aikin edita.

Abin lura a nan shi ne kowannensu yana riƙe da abin da ɗayan ba shi da shi. East ya san yadda ake gina labari a takarda, inda za a taƙaita da inda za a ja rai, da abin da ɗan makaranta zai iya ɗauka. Imam kuwa yana da Hausar da Bature ba zai taɓa samu daga ƙamus ba, da sanin abin da zai ba Bahaushe dariya. Labarin da aka ɗauko daga wata ƙasa ya koma kamar a bakin kasuwar Katsina aka haife shi, wannan aikin Imam ne. Da ta wasiƙa aka yi, tsakanin Katsina da Zariya, ana jiran jaka mako-mako, da wuya a gama littafi uku a wata shida.

Amma bai kamata a ɗauki wannan misali a matsayin zaman tsara da tsara ba. Ɗaya jami'in gwamnatin mulkin mallaka ne, maɗaba'a da kuɗi da jadawalin makarantu duk suna ɓangarensa, ɗayan kuma saurayi ne ma'aikacin En'e. Idan mai ba da shawara shi ne kuma mai ikon bugawa ko ƙin bugawa, shawararsa takan yi nauyin umurni ko da bai nufa ba. Jiki Magayi ya fito da suna biyu a bangonsa, John Tafida da Rupert East. Ko ba komai wannan ya nuna akwai wani matsayi da sa hannu yakan kai, wanda daga nan ba a kiransa gyara, sai dai tarayya a wallafa, kuma adalci shi ne a faɗa. Iyakar da ta fi dacewa mai duba aiki ya tsaya a kanta ita ce ya nuna wurin ciwo, ya faɗi dalili, in an matsa ya kawo misali, amma kalmar da za ta zauna a gurbin ta fito daga bakin marubucin. Masanin da ya cika son sa nasa yakan yaye almajirai goma masu murya ɗaya, tasa.

Bayan Hukumar Talifi, Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da NORLA a shekarun 1950, da NNPC daga 1966, duk sun riƙe editoci masu bin rubutu kafin ɗab'i. Diwanin Aƙilu Aliyu, Fasaha Aƙiliya, ta hannun Ɗalhatu Muhammad ya bi kafin ya fito, watau mawaƙi ya sami mai tace masa wanda ya san aruli ya kuma saurare shi. Daga tsakiyar shekarun 1980, da tattalin arziki ya tsuke, manyan kamfanoni suka ja baya, marubuta a Kano da wasu garuruwa suka koma buga littattafansu da kansu. Wannan ya buɗe ƙofa ga ɗaruruwan marubuta, mata musamman, waɗanda da ba su sami shiga ba, ya kuma samar da masu karatu da yawan da ba a taɓa gani ba. Abin da aka rasa a hanya shi ne matakin da ake magana a kansa. Alamarsa tana nan a shafuka: "akan" ta sabo a inda ake nufin "a kan" ta wuri, "nada" a maimakon "na da", "kowa ne" da "kowane" sun cakuɗe, tauraro ya canza suna a tsakiyar labari ba wanda ya lura. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama, da rassan Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, sun yi ƙoƙarin cike gurbin ta hanyar duba wa juna.

Wayar hannu ta kawo wani sauƙi da magabata ba su samu ba, domin mawaƙi a Damagaram yana iya rera waƙarsa ya aika wa masani a Zariya muryar tare da rubutun, matsalar tsawon wasali ta ragu ƙwarai. Sai dai saƙon murya ba a katse shi a tsakiyar ɗango a ce "maimaita", ba a kuma ganin fuskar mai shi lokacin da aka tambaye shi ma'anar baiti. In dai ba kira aka yi ana ji ana mayarwa ba, rabin aikin ne.

Akwai kuma zama na ƙarshe wanda aka fi mantawa da shi, na duba gwajin bugu. Waƙar da aka gama tacewa tana iya lalacewa a hannun mai shirya shafi: lanƙwasar ɗ da ƙ da ɓ ta faɗi, "ƙafa" ta koma "kafa", "ɓata" ta koma "bata", ɗango mai tsawo ya karye biyu don takarda ta yi ƙunci, 'yar ƙwar biyar ta bayyana kamar mai ɗango shida, ratar da ke raba baiti da baiti ta ɓace a inda shafi ya ƙare. Marubuci shi kaɗai ba ya kama waɗannan, domin ya haddace waƙarsa, idonsa yana karanta abin da ke kansa ne. Hanyar da aka jarraba ta yi amfani ita ce a juya aikin: wannan karon mai dubawa ne zai riƙe gwajin bugun ya karanta da ƙarfi, harafi bayan harafi, daidai yadda aka buga, mawallafin kuma ya ajiye takarda ya saurara, duk inda kunnensa ya ƙi, a sa alama.